Shawara: Mahaifina Ɗan Fansho Zai Sayar da Gonarsa

Assalamu alaikum Kawu,

A kan mahaifina nake rubuto maka. Malamin firamare ne, ya kama aiki a 1978, ya yi ritaya a 2013 bayan shekara 35 yana koyarwa a ƙaramar hukumarmu. Fanshonsa naira 21,000 ne a wata, kuma tun da aka fara biyansa ko kwabo ba a ƙara ba. Giratuti ma rabi aka ba shi, sauran har yau ana cewa a yi haƙuri. Yana da hawan jini, Inna kuma ta faɗa mini yanzu sai ya ji kansa na sarawa yake shan maganin, wai don kada ya ƙare da wuri. Kwanakin baya ya ji a rediyo an ƙara wa 'yan fansho naira 32,000, ya yi ta duba waya, shiru. Sai ga wani mutum ya zo ya ce yana da hanya a ofishin fansho, in aka ba shi naira 60,000 zai sa sunan Baba cikin masu ƙarin, ya kuma fito masa da ragowar giratuti. Yanzu Baba ya dage sai ya sayar da gonarsa ta gado, ya sallami mutumin, ya sayi hatsi da abin da ya rage. Mu uku ne manya, ni da ƙannena maza biyu, kowa da ɗan abin da yake taɓawa. Amma in muka kai masa kuɗi sai ya mayar, ya ce bai yi aikin shekara 35 don ya ƙare da miƙa wa 'ya'yansa hannu ba. Kawu, da gaske an yi ƙarin nan? Mu ƙyale shi ya sayar?

'Yarka, daga Arewa maso Yamma

Wa alaikumus salam 'yata. Allah Ya yi muku albarka ke da ƙannenki, Ya ba Malam lafiya.

Zan amsa tambayoyinki biyu, amma akwai abin da kika taɓa a tsakiyar wasiƙa kika wuce, wanda a wurina ya fi gona da giratuti gaggawa, wato maganin nan. Mutum zai iya wuni jininsa yana sama, kansa bai sara ba, idonsa bai yi duhu ba. Wanda ke jiran ciwon kai kafin ya haɗiyi ƙwaya kusan ɗaya yake da wanda ba ya sha, kuma abin da ake gudu shi ne shanyewar ɓarin jiki ko lalacewar ƙoda. Jinyar ɗaya daga cikinsu takan cinye gona ta haɗa da gida. A satin nan ɗayanku ya raka shi asibiti a auna shi, ku faɗa wa likita gaskiya cewa tsada ce ta sa yake tsallake kwanaki. Kullum likitoci na jin irin wannan, babu abin kunya a ciki. Yawancin magungunan hawan jini suna da masu sauƙin kuɗi da sinadarinsu ɗaya ne da na masu tsadar, likita zai iya rubuta wanda aljihu zai ɗauka. Ku dai saya a kantin magani na ƙwarai, ku duba lambar NAFDAC a jikin kwali.

Mutumin nan mai hanya kuwa, kada ku ba shi ko sisi. Ba a ƙarin fansho suna-suna. Gwamnati ce ke fitar da takardar umarni, a lissafa wa duk wanda ke cikin rukunin da abin ya shafa, a zuba a asusu gaba ɗaya. Wanda ya cancanta ba ya bukatar a sa sunansa, wanda bai cancanta ba kuma babu magatakardan da zai iya cusa shi. Ko mutumin nan ɗan damfara ne tsantsa, ko kuwa ma'aikaci ne da ke sayar wa tsoho haƙƙinsa, kuma na biyun ya fi na farko muni, domin irinsa hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ake kai wa. Ku ja kunnen kowa a gidan: ba a ba shi katin banki, ba a faɗa masa lambar sirri ko BVN ko lambar da banki ke turowa ta waya, ba a kuma damƙa masa asalin takarda ko ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar da ya gani a gidanku kuwa ita ce labarin rediyon da Malam ya ji rabi.

Eh, an yi ƙarin naira 32,000, kunnen Malam bai yaudare shi ba. Abin da mai karanta labarai bai tsaya ya warware ba shi ne wace gwamnati ce ta yi, kuma wa ta yi wa. Ba hannu ɗaya ke biyan 'yan fansho a ƙasar nan ba. Akwai tsofaffin ma'aikatan Tarayya da suka ajiye aiki a tsohon tsari, waɗanda ake biya kai tsaye daga baitulmali. Hukumar PTAD ce ke riƙe da su tun da aka kafa ta a 2013. Akwai 'yan sabon tsari, wanda dokar gyaran fansho ta 2004 ta kawo a zamanin Obasanjo, aka sake mata fasali a 2014, inda ake yankar kashi 8 cikin 100 daga albashin ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba kashi 10, kuɗin su taru a asusunsa a wurin kamfanin fansho, hukumar PenCom tana sa ido. Sai kuma na jihohi da ƙananan hukumomi, kowace jiha da dokarta, da hukumarta, da halin gwamnanta. Malam yana cikin waɗannan na ƙarshe.

Ƙarin kashi 20 zuwa 28 da aka sanar a 2024, da naira 32,000 da ta biyo bayan sabon mafi ƙarancin albashi, wadda PTAD ta fara sakawa a fanshon Satumbar 2025, duk na 'yan fanshon Tarayya ne. Bashin naira biliyan 758 da majalisar zartarwa ta amince a ciwo a Fabrairun 2025 don biyan basussukan fansho, shi kuma na ma'aikatan Tarayya ne da ke sabon tsari. Babu ɗaya a ciki da zai sauka a asusun malamin firamare na ƙaramar hukuma. Wasu tsofaffin ma'aikatan jiha da suka kama aiki tun kafin 1976 suna da wani kaso da Tarayya ke biyansu ta hannun PTAD, amma Malam a 1978 ya fara, wannan ƙofa ba tasa ba ce.

Ki zauna da shi ki warware masa wannan a tsanake, ba a gaban yara ba. Ina kyautata zaton abin da ke cin ransa ya wuce yunwa: yana ganin an yi rabo an tsallake sunansa, shi ya sa yake neman wanda zai mayar da shi layi ko da gonarsa ce za ta tafi. Mutum ne mai ilimi. Ranar da ya gane babu wani jerin sunaye da aka cire shi daga ciki, da bakinsa zai sallami mai hanya, ba sai kun nuna masa an so a yi wasa da hankalinsa ba.

Amma kada bayanin nan ya sa ku ɗauka Malam ba ya bin kowa komai. Yana bi, kuma da yawa. Sashe na 210 na tsarin mulkin 1999 ya ce a riƙa sake duba fanshon ma'aikatan jiha duk shekara biyar, ko duk lokacin da aka sake duba albashin ma'aikatan jihar, wanda duk ya riga zuwa. Sashe na 318, inda aka fayyace su wane ne ma'aikatan gwamnatin jiha, ya haɗa da na ƙananan hukumomi. To ki lissafa. Malam ya ajiye alli lokacin da mafi ƙarancin albashi yake naira 18,000. Ya koma 30,000 a 2019, ya koma 70,000 a Yulin 2024. Sau biyu ke nan aka ɗaga albashi, shekara biyar ma ta zagayo sau biyu, fanshonsa yana nan inda aka ajiye shi. A tsakanin nan aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa kuma ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar wannan shekara. Naira 21,000 da a 2013 za ta sayi buhunan masara, a daminar 2024 ko rabin buhu ba ta saye.

Abin nan yana yi mini ɗaci ƙwarai. Irin su Malam ne aka ɗiba aka watsa ƙauyuka bayan an ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE, a 1976, suka koyar a gindin bishiya da azuzuwa marasa rufi, kuma da yawa daga cikin masu sa hannu a takardun fansho a yau a hannunsu suka koyi a, ba, ca, da. Fansho albashi ne da aka jinkirta wa mutum zuwa ranar da ƙarfinsa zai ƙare. Wanda ya riƙe shi bashi ya ci, ko da ya kira biyansa tallafi a gaban 'yan jarida. Kuma ba gagara abin ya yi ba: Kaduna ta ɗaga mafi ƙarancin fanshonta zuwa naira 30,000 a 2020, Kano a gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ɗaga nata daga 5,000 zuwa 20,000. Duka biyun ba sa ciyar da gida a farashin yau, amma sun nuna cewa in gwamna ya ga dama, ko aka matsa masa ya ga dama, ana yi.

Matsawar nan da takarda ake yin ta. Ku tattara takardar kama aiki, da ta tabbatar da shi a aiki, da na ƙarin girma, musamman ta ƙarshe, da takardar ajiye aiki, da wadda aka lissafa masa fansho da giratuti a kai, da shaidar rabin da aka biya, sannan ku karɓo bayanan asusunsa daga banki. Ku ɗauki hoton kowacce a waya, ku yi kwafi, asalin kuma ya koma akwati. Ki sa wani tsohon akawu da ya san aikin ya duba lissafin, domin ba sau ɗaya ba ake lissafa wa mutum fansho a matakin albashin da ya riga ya wuce, don takardar ƙarin girmansa ta ƙarshe ba ta shiga fayil ba. In haka ta faru da Malam, gyaran kaɗai zai ɗaga abin da yake karɓa, ya kuma jawo ariyas.

Daga nan Malam ya rubuta wa hukumar da ke biyan fanshon ƙananan hukumomi a jiharku, ya faɗi ranar ajiye aiki, da abin da aka lissafa, da abin da aka biya, da abin da ya rage, ya nemi a ba shi amsa a rubuce. A kai kwafi biyu, a buga hatimi da kwanan wata a ɗaya a dawo masa da shi. Wannan kwafi mai hatimi shi ne makaminku. Koken baki a ofis yana bin iska, in an sauya ma'aikaci sai a ce ba a taɓa ganinku ba. Ya kuma tabbata bai taɓa tsallake tantancewa ba, domin da ita ake fakewa a tsayar da fanshon mutum, kuma sunansa da ranar haihuwarsa su zama iri ɗaya a fayil da banki da katin NIN.

Kada ya tafi shi kaɗai. Ƙungiyar 'yan fansho ta ƙasa, NUP, tana da rassa a jihohi, ƙungiyar malamai ta NUT ma ta san tsofaffin 'ya'yanta. Takarda mai sa hannun mutum ɗari tana da nauyin da ta mutum ɗaya ba ta da shi, kuma yawancin biyan giratuti kashi-kashi da kike ji ana yi a jihohi sai da 'yan fansho suka yi ta zarya a ƙungiyance. In hukuma ta yi shiru, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa tun 1975, tana da ofis a kowace jiha, ba a biyan ko kwabo, kuma za ta so ganin shaidar cewa kun fara kai kuka inda ya dace, wato kwafin nan mai hatimi. Bayanta sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ita ke da hurumin shari'ar fansho da giratuti, tana zama a Kano da Kaduna da Sakkwato da wasu biranen. Shari'a tana cin kuɗi da lokaci, shi ya sa ta fi kyau a ƙungiyance. Ba zan yi miki alƙawarin wata biyu ko shida ba. Hanya ce mai tsawo, don haka kada tukunyar gidanku ta jira ta.

Tallafin da ake sanarwa lokaci-lokaci kuwa, ku nema, amma kada ku sa shi a lissafin wata. A Oktobar 2023 Tarayya ta sanar da ba gidaje miliyan 15 naira 25,000 a wata har wata uku. A Janairun 2024 aka dakatar da shirin saboda binciken kuɗi a ma'aikatar jinƙai, daga baya aka dawo da shi da sharaɗin NIN. Daga rajistar masu ƙaramin ƙarfi da jihohi ke tattarawa ake ɗibar sunaye, shiga cikinta kyauta ne, mai unguwa ko ofishin walwalar jama'a na ƙaramar hukuma za su san ko an zo mazaɓarku. Wanda na fi so ki bi da ƙafarki shi ne na lafiya. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya don kula da lafiya a matakin farko, kuma ta hannun hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohi, irin su KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna da JICHMA a Jigawa, ake yi wa masu rauni rajista kyauta, tsofaffi na ciki. Gurbin ba shi da yawa, yakan cika. Ki je asibitin mazaɓarku ki tambayi mai kula da shi yaushe ake buɗe rajista. In kyautar ba ta samu ba, ki tambayi nawa ake biya a shekara a shiga da kuɗi, ku kwatanta da abin da kuke kashewa a kantin magani.

Yanzu gona. Ra'ayina kada a sayar. A lokacin da naira ke zubewa, wanda ya mayar da ƙasa kuɗi ya yi asara tun kafin ya ƙirga su. Hatsin da zai saya zai ƙare cikin shekara, gonar kuwa ita ce kaɗai abin da Malam ya mallaka wanda darajarsa ke tafiya tare da farashin abinci. In ƙarfin noma ya ƙare masa, ku uku ku haɗa kuɗin taki da na 'yan ƙwadago a noma masa, ko a ba wani amintacce haya ta shekara, ko a yi yarjejeniya ya noma a raba amfani, a rubuce, da shaidu, da sanin mai unguwa. Jingina kuma ku yi nesa da ita, gonaki da yawa ta wannan hanya suka bar hannun masu su, malamai ma suna da magana a kan mai ba da bashi ya riƙa cin amfanin abin da aka jinginar masa.

Sai dai ki kula da yadda za ku faɗa masa. Gonarsa ce, halalinsa, yana da ikon sayarwa ko kun so ko ba ku so ba. In kuka taru kuka ce ba za a sayar ba alhali ba ku zo da abin da zai maye gurbinta ba, zai ji kamar gādo kuke tsarewa tun yana raye, kuma wannan miki ba ya warkewa da wuri. Ku fara cika rumbu, sannan ku yi maganar gona. In kuma wata rana, Allah Ya kiyaye, jinya ta taso wadda babu mafita sai gonar, to ran Malam ya fi ta.

Maganar mayar da kuɗi, kada ki ɗauke ta girman kai. Mutumin da ya shekara 35 ana zuwa ƙofarsa neman a rubuta wasiƙa, a sasanta rigima, a ranta kuɗin makaranta, ba ƙaramin abu ba ne a ce yau 'yarsa ce za ta ƙirgo kuɗi ta miƙa masa. Ku daina miƙawa. Ku ukun ku yanke abin da kowa zai riƙa fitarwa duk wata gwargwadon ƙarfinsa, kada a bar wa mai tausayi ita kaɗai, ke kuma ki sanar da maigidanki don kada alheri ya jawo miki ƙura a ɗaki. Ɗaya ya ɗauki magani, ya riƙa biya kai tsaye a kanti ana kawowa gida. A sayi gero da masara da wake da kaka lokacin da suke araha, a sauke a ɗakin Inna. Kuɗin cefane ma ta hannunta za su bi. Ta fi ku sanin yadda za ta sa a gabansa ba tare da ya ji an ciyar da shi ba.

Shi kuma Malam yana da kyau ya ji daga bakin sa'ansa ko limamin unguwa, ba daga bakinku ba, cewa abin da 'ya'ya ke yi wa iyaye ba sadaka ba ce. A Risala, wadda na tabbata ya karanta a zaure, an ambaci iyaye mabukata cikin waɗanda ciyar da su ya wajaba a kan mutum, shi ya sa ma ba ya halatta ɗa ya ba su zakkarsa, domin ba a biyan wajibi da zakka. Hadisin da Annabi (SAW) ya ce wa wani mutum shi da dukiyarsa na mahaifinsa ne, sananne ne. In ya hana ku, lada yake hana ku. Wannan ita ce maganar da na ga tana sauko da dattawa irinsa.

Kuma ku ba shi aiki a cikin lamarin. Shi ya iya rubuta takardar koke, ba ku ba. Ya san abokan aikinsa da suka yi ritaya tare, ya san wanda ke raye da wanda ya bar marayu ba a biya su ba. Ku sa masa kati a waya da kuɗin mota, ya zama shi ke tara su yana kai takarda reshen ƙungiya. In lafiyarsa ta ba shi dama, yaran unguwa da ke shirin jarrabawar shiga sakandare suna bukatar mai koya musu lissafi da karatu da yamma, iyayensu kuma za su biya ɗan abin da ya samu.

Abu ɗaya ya rage, mai nauyin faɗa, amma gara a faɗa. Ragowar giratutin nan bashi ne, ba ya faɗuwa don mai shi ya rasu, magada ne ke bi. Iyalai da yawa sun rasa nasu saboda ba wanda ya san inda takardu suke, ko sunan magajin da ke cikin fayil na wanda ya riga mai fayil ɗin rasuwa ne. Ranar da za a kai takardar koke, a duba wa aka rubuta, a gyara in da bukata. Inna ta san akwatin da asalin takardun suke, kwafi ɗaya kuma ya zauna a wurinki.

Kawu